Wutar Kwal da Ƙauyen da Waya Ba Ta Kai Ba: Darasin Anu-Araren ga Kanan-Bakashe

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi manyan tashoshin lantarki masu ƙona kwal daga inda talakan Kanan-Bakashe yake tsaye, tsakanin Mayahi da Tasawa a jihar Maraɗi. Ta bi yadda tashar kwal ke aiki, ta waiwayi tashar Anu-Araren da ke jihar Agadas da shirin Salkadamna na jihar Tawa, ta kuma kwatanta su da abin da aka gani a Nijeriya da Afirka ta Kudu. Abin da take son nunawa shi ne, tashar kwal ana gina ta ne domin babban mai saye da ke jan wuta dare da rana, kuma ƙauye ba shi ne wannan mai sayen ba. Saboda haka yawan megawat da ake ambata a rediyo ba shi zai kunna ƙwan fitila a karkara ba, sai an sa waya da taransifoma cikin lissafi tun daga tushe.

Gabatarwa



Ranar kasuwa a ƙauyukan ƙasar Kanan-Bakashe, in kana neman inda lantarki yake, ka nemi teburin mai cajin waya. Allo ne guda da aka jera wa soket kamar talatin, wayoyi kwance a kai kowace da ƴar takarda mai lamba, ga faranti mai zuƙar rana an jingina shi da rumfa, ga batirin mota a ƙarƙashin tebur an lulluɓe shi da buhu. Can gefe injin niƙa na ta tsuwa da gazuwal, mata sun jera ƙore da robobi. Mai ƙanƙara kuwa tun da asuba ya ɗauro ta a babur daga gari, ya binne ta cikin ɗusa, yana tseren sayar da ita kafin rana ta sha rabinta. Wannan ita ce tashar lantarkin ƙauye, kuma in aka auna da kilowat, babu wanda ke sayen wuta da tsada a ƙasar nan kamar mutanen da ke tsaye a wurin.

A Nijar kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta, a karkara kuwa ba a kai ɗaya cikin goma ba. Garuruwan yankinmu da ke kan layi, irin su Maraɗi da Tasawa da Damagaram, sun daɗe suna dogara da wayar kilobolt 132 da ta taso daga Katsina ta sauka a Gazawa. A farkon watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Watannin nan bakwai sun tuna wa kowa cewa kayan aro ba ya rufe katara. Tun daga nan zancen kwal ya sake tashi da ƙarfi: ga shi a ƙarƙashin ƙasarmu, me ya hana mu tona? Tambaya ce mai kyau, kuma ban zo nan don in yi mata dariya ba.

Yadda tashar kwal ke aiki, da halin da wannan ya ɗora mata

Ana niƙe kwal ya koma gari mai laushi, a hura shi da iska cikin wata katafariyar tukunya da aka zagaye da bututun ruwa. Ruwan ya zama tururi mai zafin da ya haura digiri 500, tururin ya bugi fukafukan injin juyi, injin ya juya janareto sau 3,000 a minti guda. Daga nan sai a sanyaya tururin ya koma ruwa, a sake mayar da shi tukunya. A tsofaffin tashoshi, kashi ɗaya cikin uku ne kawai na zafin kwal ɗin ke zama lantarki, sauran ya bi iska. Sababbi masu matsin tururi ƙwarai kan kai kashi 45 cikin ɗari. Ita kanta tashar tana cinye wani ɓangare na wutar da ta samar, wajen juya injinan niƙa da famfuna da fankoki.

Abin lura a nan shi ne halin tukunyar. Ba a kunna ta kamar janareton shago. In ta huce, sai an ɗauki sa'o'i masu yawa ana ɗumama ta sannu a hankali, don ƙarfe mai kauri in aka gaggauta masa zafi tsagewa yake yi. Ga kuɗin gini mai nauyi, wanda ba ya dawowa sai injin na juyawa yawancin sa'o'i 8,760 da ke cikin shekara. Shi ya sa tashar kwal ke son mai sayen da ba ya barci: ma'adinai, masana'antar siminti, matatar ƙarfe, babban birni.

Ƙauye kuwa da magariba yake neman wuta. A ƙaddara gari mai gida 2,000, kowane gida na jan wat 200 da dare: ƙwai uku, fanka, talabijin, cajin waya. Kilowat 400 ke nan. A ƙara injinan niƙa da famfon rijiyar burtsatse da firjin asibiti, da ƙyar a cika megawat guda, shi ma na sa'o'i huɗu ko biyar. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare gari ya yi tsit. Ga mai tasha, wannan ciniki ne na mai sayen gishirin dala a wurin madugun da ya zo da ayari.

Ƙattin duniya

Har yanzu kusan kashi ɗaya cikin uku na lantarkin duniya daga kwal yake fitowa. Tashar Tuoketuo da ke Mongoliya ta Ciki a ƙasar Sin tana da ƙarfin megawat 6,720, ta Belhatuf a Folan ta haura 5,000, ta Jorf Lasfar a Maroko ta ɗara 2,000. Ingila, inda aka kunna tashar kwal ta farko a birnin Landan a 1882, ta rufe ta ƙarshe a ranar 30 ga Satumban 2024.

Wadda ta fi dacewa mu tsaya a kanta ita ce Medupi ta Afirka ta Kudu, don an gina ta a busasshiyar ƙasa mai zafi kamar tamu. An fara aikinta a 2007, mai injina shida da jimillar kusan megawat 4,800. Bankin Duniya ya ba da bashin dala biliyan 3.75 a 2010, akasarinsa domin ita. Injin ƙarshe bai fara aikin kasuwanci ba sai 2021, shekaru da dama bayan wa'adi, kuɗin kuma ya zarce abin da aka yi kasafi. Cikin watan Agusta na 2021 janareton inji na huɗu ya fashe. A 2023, ƙasar da ke samun fiye da kashi 80 cikin ɗari na wutarta daga kwal, mai tashoshi irin su Kendal da Matimba da Kusile, ta yi shekarar ɗauke wuta mafi muni a tarihinta. Kwal na nan jibge, amma injinan sun tsufa, gyara ya yi baya, bashi ya danne kamfanin lantarkin ƙasar, Eskom.

Maƙwabciyarmu Nijeriya ma ta bi wannan hanya tun kafin mu. An gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, aka soma haƙo shi cikin shekarun yaƙin duniya na farko, domin jirgin ƙasa. A can ne ƴan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley ranar 18 ga Nuwamban 1949. An buɗe tashar Oji River a 1956. Da jirgin ƙasa ya koma shan gazuwal, aka sami mai, aka gina madatsar Kainji a 1968, yaƙin basasa kuma ya rufe ramuka, sai kwal ɗin Inugu ya rasa mai saye ya durƙushe. Yau wutar da ke sauka a Gazawa ta iskar gas ce da ta madatsun Kainji da Jebba da Shiroro. Inda kwal ke da rai a Nijeriya, kamar Maiganga a jihar Gombe, masana'antar siminti ce ta riƙe shi.

Anu-Araren: tashar da aka gina wa yuraniyom

Tamu tashar ba ta cikin ƙatti. An kafa kamfanin SONICHAR a 1975, aka soma haƙar kwal a buɗaɗɗen rami a Anu-Araren kusa da Cirozerin, tashar kuma ta fara ba da wuta a farkon shekarun 1980. Injina biyu ne, kowane megawat 18.8, jimilla 37.6. Tuoketuo ta ninka ta fiye da sau 170. Duk da haka ta shafe shekara arba'in da ɗoriya tana juyawa a bakin hamada, kuma ƴan ƙasa ne ke tafiyar da ita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai cewa ba za mu iya riƙe tashar kwal ba, gani ya kori ji.

Amma domin wa aka gina ta? Domin ma'adinan yuraniyom na SOMAIR a Arlit da COMINAK a Akokan, waɗanda a da suke ƙona gazuwal da ake jigilarsa daga bakin teku. Aka ja musu waya mai kilobolt 132 ta ratsa hamada. Su ne masu sayen da ba sa barci: injinan niƙa dutse, famfunan zuƙe ruwa, fankokin shigar da iska cikin ramin Akuta na COMINAK. Garuruwan Agadas da Cirozerin da Arlit sun sami wuta ne a inuwar wannan ciniki, ta hannun NIGELEC. Kwal ɗin wurin mai toka ne da yawa, ƙarfinsa kaɗan, ba ya biyan kuɗin motar da za ta kai shi nesa, shi ya sa aka dasa tashar a bakin ramin.

Abubuwa biyu nake so mu ɗauka daga nan. Na farko, layin arewa tsibiri ne, bai haɗu da layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram ba. Shekara arba'in ana ƙona kwal a Nijar, amma ko ƙwai ɗaya bai taɓa kamawa da shi a ƙasar Mayahi ba. Na biyu, ranar 31 ga Maris na 2021 aka rufe COMINAK bayan ma'adinin ya ƙare, tashar ta rasa ɗaya daga cikin manyan masu sayenta biyu. Tasha mai dogaro da mutum ɗaya ko biyu, in ɗaya ya yi atishawa, ita ke kwana da mura.

Salkadamna a kan sikeli

Salkadamna tana arewa maso yamma da birnin Tawa. A watan Yunin 2014 shugaba Mahamadou Issoufou ya aza tubalin aikin, da burin tasha mai megawat 600 da za a gina daki-daki, da ma'adini, da masana'antar dunƙula kwal domin girki. Shekara goma ta wuce injin bai juya ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Dalili babba kuɗi ne: Bankin Duniya ya ƙuntata ba da bashin kwal tun 2013, a watan Satumban 2021 kuma shugaba Xi Jinping ya faɗa wa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Sin ta daina gina sababbin tashoshin kwal a ƙasashen waje. Ƙofofin da suka rage kaɗan ne, ruwan bashinsu kuma mai tsada.

Bari mu yi lissafin bayan ambulan, wanda kowa a zauren nan zai iya maimaitawa. Tasha mai megawat 600 da ke aiki kashi uku cikin huɗu na shekara za ta samar da kilowat-awa kusan biliyan 3.9. Wannan ya zarce abin da Nijar baki ɗaya ke sha a shekara, nesa ba kusa ba. In kowane kilowat-awa ya ci rabin kilo na kwal, tan miliyan biyu ke nan a shekara, wato sama da tan 5,000 kullum, lodin tirela 180 mai ɗaukar tan 30. Hayaƙin da ke ɗumama duniya kuma, a kusan kilo ɗaya kan kowane kilowat-awa, zai doshi tan miliyan huɗu.

A kan hayaƙin nan ba ni da dogon zance. Rabon Nijar cikin abin da ya gurɓata sararin samaniya bai taka kara ya karya ba, kuma waɗanda suka yi shekara ɗari da arba'in suna ƙona kwal ba su ne za su koya mana tsoron Allah a kansa ba. Abin da ya fi damuna na kusa ne: toka, da ƙurar da mutanen kewayen ramin za su shaƙa, da gurbin makiyaya, sannan ruwa.

Tashar da ake sanyayawa da ruwa tana ƙafar da kusan lita biyu kan kowane kilowat-awa. A lissafinmu, kubik mita kusan miliyan takwas ke nan a shekara. In mutum na amfani da jarka guda mai lita 20 a yini, wannan ruwan mutum sama da miliyan ɗaya ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin rijiya a arewacin Mayahi, ya ga yadda sa ke tafiya da igiya har ya yi nisa kafin wasaki ya leƙo, ya san abin da wannan adadi ke nufi. Mafita ita ce sanyayawa da iska, kamar yadda aka yi a Matimba da Medupi, wadda ke rage buƙatar ruwa zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma. Sai dai tana da nata haraji: ta fi tsada, kuma ƙarfinta na raguwa in iska ta yi zafi. Wato a Afrilu da Mayu, lokacin da kowa ya kunna fanka, lokacin ne tashar za ta yi kasala.

Akwai kuma batun girman inji. Masu tsara layin wuta ba sa son inji guda ya ɗauki kaso mai yawa na nauyin layi, don ranar da ya tsaya kwatsam, sauran ba za su iya tare giɓin ba, sai komai ya mutu lokaci guda. Layin da ɗaukacin nauyinsa megawat ɗari-ɗari ne ba zai ɗauki inji mai 300 ba. Ƙananan injina na 50 ko 100, ana ƙarawa yadda buƙata ke ƙaruwa, su ne daidai wuyanmu, ko da kuwa ba su da daɗin faɗa a jawabi.

To wa zai sayi sauran wutar? Ko dai masana'antu, irin simintin Malbaza da ma'adinan arewa, ko kuma a sayar wa maƙwabta ta layin kilobolt 330 da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Benin. Duka biyun ciniki ne na halal. Amma duka biyun hanyar Anu-Araren ce: waya za ta bi mai kuɗi, ta wuce ta saman ƙauyuka tana kuka, kamar yadda mutanen da ke zaune ƙarƙashin layin Gazawa suka saba ji.

Abin da zai sauko da ita ƙasa

Tsakanin babbar waya da ƙwan fitilar ɗaki akwai matakai huɗu, kuma kowane da kuɗinsa. Sai an sauke wutar daga kilobolt 132 zuwa 33 ko 20 a tasha irin ta Gazawa, a ja ta kan turaku zuwa gari, a dasa taransifoma, sannan a ja ƙananan wayoyi cikin unguwa a ɗaura wa kowa mita. Ƙauyukanmu a warwatse suke cikin tudu da jigawa, wani gida ɗari wani ɗari biyu, tazarar kilomita biyar ko goma a tsakani. Kuɗin kai wuta ga gida guda a irin wannan wuri ya ninka na birni, kuɗin shigar manomin gero da wake kuwa sau ɗaya yake zuwa a shekara, da kaka. Ba mamaki da hukumar kai lantarki karkara ta ANPER da shirye-shirye irin su Haske suka karkata ga ƙananan tashoshin hasken rana. Nijar ta riga ta ɗanɗana manyansu ma: megawat 7 a Malbaza a 2018, da 30 a Goru Banda a 2023. Rauninsu sananne ne, rana na faɗuwa daidai lokacin da ƙauye ke neman wuta, batir kuma da tsada kuma zafi na kashe shi da wuri.

A nan ne nake ganin gurbin kwal, in har za a yi shi: matsakaiciyar tasha da za ta riƙe layin tsakiyar ƙasa da dare da lokacin hazo, ta bar wa rana aikin yini. Sharaɗina kuwa, kada a sa hannu kan yarjejeniyar da ta ambaci megawat ba ta ambaci kilomita ba. A rubuta tsawon wayar kilobolt 33 da za a ja a jihohin Tawa da Maraɗi, da yawan taransifoma, da sunayen garuruwa, da wani kaso na kuɗin wutar da aka sayar waje da za a ware domin haka. Ba a fafe gora ranar tafiya, in tasha ta riga ta tashi, mai bashi ne ke da kuɗin shigarta.

Saura abu guda, wanda sau da yawa mukan manta a taro irin wannan don yawancinmu maza ne. Makamashin da Kanan-Bakashe ta fi ci ba lantarki ba ne, wutar murhu ce: itace, kara, kandilo, busasshiyar kaba. Manoman jihar Maraɗi sun yi suna a duniya tun daga shekarun 1980 da sassaben zamani, suna barin tohon gawo da kalgo da sabara a gona, har aka ƙiyasta hekta miliyan biyar da suka sake yin kore a kudancin ƙasar. Gatarin mai neman itacen girki shi ne babban abokin gabar wannan aiki, shi da buƙatar birane. An kafa kamfanin SNCC domin gasa kwal ɗin ƙasa a fitar masa da hayaƙi ya zama na girki. Yana daɗewa yana ci, amma ya fi gawayin itace wuyar kamawa, yana son murhu na musamman, kuma kuɗin mota daga arewa na hawa kansa.  Na tambayi wata gwaggona, wadda ta shekara hamsin tana tuƙa tuwo da kara, ko za ta karɓi irin wannan gawayi. Ba ta ɗago kai daga tukunya ba ta ce, "Ɗan nan, nawa ne tiya, kuma a wace kasuwa?"